Finafinan da muke turawa a waya suna cin kyautar Oscar kuwa?

Mai Turi, Jahun:
Assalamu alaikum. Ina da rumfar caji da turin finafinai a bakin kasuwa. Shekara shida ke nan, abin da samari ke nema bai wuce uku ba: na faɗa, na ban tsoro, sai Indiya fassara. Ran kasuwa wani malamin makaranta ya ce mini duk shirme nake turawa, ba a taɓa ba irinsu lambar yabo ba. Maganar ta tsaya mini a rai, domin na ga yadda mutum zai dawo daga gona a gajiye, fim ɗin nan ne hutunsa. Don Allah masu sani, haka abin yake?

Ɗan Ringim:
Wa'alaikumussalam. Malamin yana da gaskiya, amma ba duka ba. Alƙalan Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, sun daɗe suna fifita labarin tarihi da na tausayi. A 2009 an ƙi saka The Dark Knight cikin jerin gwarzon fim, jama'a suka yi ca, shekarar da ta biyo aka faɗaɗa jerin daga biyar zuwa goma. Tun kafin nan ma The Silence of the Lambs, mai firgitarwa, ya zama gwarzo a 1992, kashi na uku na The Lord of the Rings kuma ya kwashe kyautuka 11 a 2004. Black Panther ya ci uku a 2019. Ka duba kwamfutarka, na tabbata kana da biyu daga ciki.

Maman Yara, Gwaram:
Ƙanena, ka ce wa malamin waƙar Naatu Naatu ta cikin fim ɗin Indiya RRR ta ci Oscar a 2023. Rawa ce zalla, yarana har gobe suna kwaikwayonta a tsakar gida.

Ɗan Ringim:
Haka ne Hajiya. Ni abin da ke damuna namu ne. Najeriya ta aika The Milkmaid gasar Oscar, ta aika Mai Martaba, duka da Hausa, ba wanda ya kai zagayen ƙarshe. Sai dai The Milkmaid ya zama gwarzo a gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2020, Maryam Booth ma ta samu tata.

Mai Turi, Jahun:
Na gode Yaya, na gode Hajiya. Wallahi RRR ba ranar da ba na tura shi. Na rubuta sunayen a kwali, zan manna jikin rumfa kafin malam ya zo karɓar wayarsa.