Maki ya taru a kati: ta ina zai kai mu Kano?

Maman Ikram (Manchester): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Katin bashi na Amex (American Express) da nake cefane da shi, makin da suke bayarwa a kan kowace sayayya ya kai 64,000 a ciki. Watan Agusta akwai bikin ƙanwata a Kano, kuma da yara biyu zan tafi. In tura makin wa British Airways ne, ko in bari a rage min kuɗin da ake bi na da shi a huta? Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani dalla-dalla.

Injiniya (Landan): Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, kada ki taɓa makin nan tukuna. Rage bashi da shi ita ce hanya mafi arha da za ki rabu da shi, domin maki 1,000 ba ya kai fam 5 ta wannan hanyar. Duka abin da kika tara ba zai kai fam 320 ba ke nan. Abu na biyu, turawa kamfanin jirgi ba ta da dawowa. Yana fita daga Amex ya zama Avios, wato makin British Airways, ko makin kamfanin jirgin Virgin Atlantic, shi ke nan, ko kin fasa tafiya ba zai koma ba. Don haka tsarin shi ne: ki buɗe asusun kamfanin jirgin, kyauta ne, ki nemi kujerar maki a ranakun da kike so, ki gan ta da idonki, sannan ki tura.

Maman Ikram (Manchester): To ai ni na ɗauka duk kujerar da ba a saya ba ana iya ɗaukarta da maki.

Injiniya (Landan): Ina! Kujerun maki 'yan kaɗan ne suke warewa a kowane jirgi. British Airways suna sakin nasu kwana 355 kafin tashi, kuma na Agusta da Disamba a hanyar Najeriya tun a ranakun farko ake wawashe su. Sannan ki tuna su Abuja da Legas suke sauka daga Heathrow, ba sa zuwa Kano. Wato ke da yara sai kun gangaro Landan, kun sauka Abuja, sannan ku nemi jirgin cikin gida da akwatuna shida.

Anti Bilki (Birmingham): Maman Ikram, ki duba Qatar Airways. Suna tashi daga Manchester zuwa Doha, kuma tun 2022 suke zuwa Kano. A shekarar ce ma suka koma amfani da Avios, don haka idan kika haɗa asusunki na British Airways da na Qatar, makin yana wucewa tsakaninsu ɗaya da ɗaya, ba a rage ko ƙwaya. Hanyar tana da zagaye, gaskiya, yara za su gaji. Amma akwatinki daga Manchester sai filin jirgin Malam Aminu Kano, ba sauke-sauke. Ni da wannan kaɗai na yafe awannin.

Injiniya (Landan): Anti ta yi gaskiya. Sai dai in faɗa miki abin da ba za ki so ji ba: 64,000 ba zai ɗauki mutum uku zuwa da dawowa ba. Yaron da ya cika shekara 2 cikakken maki ake cire masa kamar babba. Ki yi tunanin kujera ɗaya, ko tafiya ɗaya ba dawowa, sauran ki biya kuɗi. Kuma tikitin maki ba kyauta ba ne. Akwai harajin tashi daga Ingila, akwai kuɗin filin jirgi, akwai ƙarin da kamfanin kansa yake ɗorawa, wani lokacin su kaɗai su kai ɗaruruwan fam. Ga lissafin da nake yi: kuɗin tikiti, a cire abin da za a biya ko da an yi amfani da maki, a raba da yawan makin. A ce tikiti fam 900 ne, na maki kuma 50,000 da fam 350. Makin ya tsare miki fam 550, wato fam 11 a kowane 1,000, ya ninka abin da Amex za su ba ki. Amma a ce a Fabrairu ne tikitin ya sauko fam 550, kin ga fam 200 kawai ya tsare, fam 4 a kowane 1,000. A nan sai ki biya kuɗi ki ajiye makinki.

Alhaji Ɗan Kwari (Kano): Ku 'yan Turai kuna ta maganarku. Mu da muke gida fa? Ni Guangzhou nake zuwa saro kaya ta Addis Ababa, wani lokaci Dubai, ban taɓa ganin wani maki ba. Wane banki zan je a ba ni irin katin nan?

Anti Bilki (Birmingham): Ranka ya daɗe, ai kai ka fi mu duka abin tarawa, kuma ba ka buƙatar kati. Katunan da muke riƙewa a gida yawanci na ATM ne, kuɗinka ake cirewa daga asusunka, ba irin katin bashin da ke tara mil, wato makin kamfanin jirgi, ba ne. Kai jirgin kake hawa da ƙafarka. Ka sa yaro ya yi maka rajistar ShebaMiles, shirin tara mil na kamfanin jirgin Ethiopian, a waya, ba a biyan ko kwabo. Za su ba ka lamba. Duk lokacin da za a yankar maka tikiti ka ce wa ejan ɗinka ya saka lambar. In ya manta, ka nuna ta a kanta lokacin auna kaya.

Yaya Sani (Houston): In ƙara wa Alhaji. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk 'yan ƙawance ɗaya ne, Star Alliance. Ethiopian ta shiga a 2011, sauran biyun a 2008. Ma'ana ko EgyptAir ka hau daga Kano zuwa Alƙahira, lambar ShebaMiles ɗin nan za ka bayar, mil ɗin ya taru wuri guda. Kada ka buɗe asusu uku ka raba kaɗan-kaɗan, ba wanda zai kai ko'ina. Saudia kuwa tana SkyTeam tare da Air France da KLM da Kenya Airways. Emirates ba ta cikin kowane ƙawance, shirinta na mil, Skywards, daban yake. Sannan ka lura da rubutun suna. Idan fasfo ya ce Mohammed, asusun mil ya ce Muhammad, ko an sa sunan mahaifi a gaba a ɗaya an sa shi a baya a ɗaya, na'ura ba za ta gane mutum ɗaya ba ne, mil ba zai shiga ba. Ka ajiye fasfon a gabanka a kwafa harafi da harafi.

Alhaji Ɗan Kwari (Kano): Innalillahi. Shekarun nan duk sun tafi a banza ke nan?

Yaya Sani (Houston): Na tsofaffin tafiye-tafiye sun tafi, Alhaji. Na kwanan nan ana iya nema idan kana da katin shiga jirgi da lambar tikiti, amma ƙa'idar ta fi sauƙi ga wanda ya riga ya yi rajista kafin tafiyar. Daga yau dai kada ka ƙara jefar da katin shiga jirgin nan. Wani abu kuma, tikiti mafi arha wani lokacin rabin mil yake bayarwa ko ƙasa da haka, ya danganta da harafin ajin farashin da aka yanke shi a kai. Ka tambayi ejan harafin. Ga ɗan kasuwa irinka ma ba tikitin kyauta ne babbar riba ba. In yawan tafiya ya kai ka matakin azurfa ko zinare a shirin mil ɗin, ƙarin kilo ake ba ka, kai kuma ka san abin da kilo yake nufi a hanyar Guangzhou.

Malam (Leicester): Assalamu alaikum. Ban so in katse muku hira ba, amma akwai abin da ba a ambata ba. Katin bashin nan a cikin yarjejeniyarsa akwai sharaɗin kuɗin ruwa idan an yi jinkirin biya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke Jidda, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar da irin wannan kati ko a yi mu'amala da shi ba matuƙar akwai sharaɗin riba, ko da mai katin ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi ya cika. Kowa ya san wannan kafin ya sa hannu.

Injiniya (Landan): Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma na gode da ka kawo. Akwai kuma malaman da suka sassauta wa mazauna ƙasashen nan saboda buƙata, da sharaɗin mutum ya biya duka a kowane wata. Ni na sa banki ya riƙa cire duka kuɗin kai tsaye ranar biya, ba mafi ƙarancin da suke rubutawa ba.

Malam (Leicester): Buƙata suka ce, Injiniya. Hayar mota ko kama otal inda ba a karɓar wani kati, wannan buƙata ce. Kujerar bizines kuwa sai dai ka tambayi malaminka ko ta shiga ciki.

Anti Bilki (Birmingham): Malam ya kama ka, Injiniya. Amma ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da katin bashi ba, akwai hanya. Makin Nectar na kantin cefane na Sainsbury's yana komawa Avios, 400 ya ba ka 250. Na Clubcard ɗin kantin Tesco kuma yana komawa makin Virgin Atlantic, su kuma Legas suke zuwa. Da katin bankinka na yau da kullum za ka biya, ba bashi ba ruwa. Tarawar ce a hankali, amma gidan da ake dafa wa mutum shida ba a raina cefanensa.

Hajiya Dubai: Mu a nan an sauƙaƙa mana wannan. Emirates Islamic da Dubai Islamic Bank duk suna da katin da ke tara mil na Skywards, kwamitin shari'a na bankin ya amince da shi. A Saudiyya ma bankin Al Rajhi na da na AlFursan, shirin mil na Saudia. Amma sai mai takardar zama da albashi a ƙasar. Ɗan kasuwar da ya shigo da bizar ziyara ba za a ba shi ba. Kuma ku kula, mil ɗin Skywards yana mutuwa bayan shekara 3 ko kana ta tara sabo. Avios kuwa muddin wani abu ya shiga ko ya fita a cikin wata 36, yana nan da ransa.

Yaya Sani (Houston): Na Turkish ma shekara 3 ne. Shi ya sa mu a Amurka muke barin makin a banki har sai ranar buƙata. Na bankin Chase yana zuwa kamfanin jirgin United da Aeroplan na Air Canada ɗaya da ɗaya, su biyun kuma ba sa ɗora kuɗin mai a kan tikitin maki, kuma da su kana iya kama kujerar Ethiopian har Kano idan ta fito. Sabbin zuwa su sani: Chase ba sa ba wanda ya buɗe kati 5 a cikin wata 24 sabon kati, don haka kada a yi ta karɓar katin kowane kanti saboda rangwamen kashi 10. Kuma turo kuɗi gida da katin bashi ba ya kawo maki, yawancin bankuna cire tsabar kuɗi suke ɗaukarsa, kuɗin ruwa ya fara hawa tun ranar.

Ɗan Yamai: Mu tun da Air France ta daina zuwa a 2023, sai Royal Air Maroc da Turkish da Ethiopian. Wanne zan riƙe?

Injiniya (Landan): Royal Air Maroc ta shiga oneworld a 2020, ƙawance ɗaya da Qatar da British Airways, don haka tafiyarka ta Kasablanka tana iya tara Avios. Sauran biyun lamba ɗaya ta ishe su. Wanda ka fi hawa shi za ka riƙe.

Alhaji Ɗan Kwari (Kano): Akwai wani yaro da yake tallan tikitin bizines rabin kuɗi, ya ce da mil yake yanka. Ya kuke gani?

Hajiya Dubai: Alhaji, ka rufa wa kanka asiri. Ƙanin maigidana ya saya irinsa. Tikiti ya zo da sunansa, ya duba a intanet ya gan shi daram. Ranar tafiya ya je kanta da ihraminsa a jakar hannu, yarinyar ta buga lambar sau biyu, ta kira babbanta, suka ce an soke tun daren jiya. Ashe mil ɗin daga asusun wani aka sato, mai shi ya kai ƙara. Wayar mai sayarwar kuma a kashe. Ko ba sata ba ce, sayar da mil ya saɓa ƙa'idar kamfanonin, suna da ikon soke tikitin ko kana tsakiyar tafiya. Araha ba ta ado.

Maman Ikram (Manchester): Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na buɗe asusun Qatar na duba. A makon bikin babu kujerar maki ko ɗaya a tafiya, amma a dawowa na ga guda ɗaya ranar Talata, farkon Satumba. Matsalar makarantar yara ta koma kafin nan.

Anti Bilki (Birmingham): To kada ki tura. Tarar fashin makaranta za ta cinye ribar. Ki riƙa leƙawa duk bayan kwana biyu, wani lokacin suna sakin kujeru idan tafiya ta matso. Kuma in kin samu, kada ki sa yaro shi kaɗai a tikitin maki ke kina wani tikitin daban ba tare da kin kira su sun haɗa ba. Ki sa naki a maki, ki kira kafin ki biya na yaran.

Injiniya (Landan): Ki duba yawan akwatin da tikitin makin ya ba ki ma kafin ki danna. In babu kujerar maki, ki sayi na kuɗi yanzu kafin ya ƙara tashi, ki saka lambar asusunki da ta yaran a ciki su tara nasu. Makin Amex ba ya mutuwa muddin katin yana buɗe, sai ki tanade shi don Umara a watan da ba cunkoso.

Maman Ikram (Manchester): Yara ma ana buɗe musu? Ikram shekararta 9, ƙaninta 4.

Anti Bilki (Birmingham): Ana sa su a asusun iyali ƙarƙashin naki. Ki turo min saƙo ta gefe bayan Magariba in nuna miki inda ake dannawa, ki ajiye fasfunansu kusa.