Neman Hausar "chemoprevention": zancen tafarnuwa da ciwon daji

1/ Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wani bayani kan tafarnuwa domin shirin lafiya na rediyo, sai wata kalma ta tsayar da ni cak: chemoprevention. Wani masani ɗan Amurka, Michael Sporn, shi ya ƙirƙiro ta a 1976, yana nufin amfani da wani sinadari, na abinci ko na magani, don hana ciwon daji farawa ko jinkirta shi. Kwana uku ke nan ina juya ta.

2/ Bari mu fara leƙa cikin tafarnuwar. Ɗauki ƙwaya ɗaya da ɓawonta ka shinshina, da ƙyar za ka ji wari. Jefa ta a turmi ka sauke taɓarya sau biyu, har na zaure sai ya san ana jajjage. Abin da ya faru shi ne, akwai sinadari mai suna aliyin a wani ɗaki cikin ƙwayar, akwai kuma aliyines a wani ɗakin daban. Daka ce ke rushe bangon da ke tsakaninsu, su haɗu su haifi alisin, mai warin nan da raɗaɗi a harshe. Chester Cavallito da John Bailey ne suka fara tace shi a 1944. Ba ya jimawa yake rikiɗewa zuwa wasu danginsa, kuma dukansu na ɗauke da farar wuta, wadda wasu ke ce wa kibiritu. Nan ban sha wuya ba, "sinadaran farar wuta na tafarnuwa" ya ishe ni.

3/ A ɗakin gwaji, kan ɓeraye da ƙwayoyin daji da aka rena a faranti, an ga waɗannan sinadarai suna zaburar da hanta wajen kashe kaifin guba, suna kuma sa ƙwayar daji ta daina hayayyafa ta mutu.

4/ A jikin ɗan Adam kuwa labarin bai kai haka ƙarfi ba. A gundumar Linqu ta lardin Shandong a ƙasar Sin, inda kansar ciki ta yi yawa, an fara wani gwaji a 1995 da mutum 3,365. Wasunsu sun yi shekara bakwai da 'yan watanni suna shan ƙwayar maganin da aka yi da tafarnuwa. Bayan bibiyar shekara 22 aka fitar da sakamako a mujallar likitanci ta BMJ a 2019: mutuwa ta dalilin kansar ciki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a wajen masu shan ta, amma yawan masu kamuwa bai ragu yadda za a bugi ƙirji a kai ba. Ku lura, waɗannan mutane ba su da ciwon lokacin da aka fara.

5/ Shi ya sa na ƙi "maganin daji", duk da ita ce ta fi saurin zuwa baki. Na san wata baiwar Allah a danginmu da ta ji kumburi a mama, wani mai tallan magani ya ce mata tafarnuwa da zuma maganin daji ne. Ta yi wata takwas tana sha da safe kafin ta karya. Ranar da aka kai ta asibiti ciwon ya riga ya kai hammata. Bahaushe in ya ji "magani", waraka ya ji, kuma ba zan sa bakina a rediyo in ƙara wa wannan magana ƙarfi ba.

6/ Wani abokin aiki ya ce in sa "rigakafi". Ma'anar ta yi kusa, amma kunnen mutanenmu allura yake ji, a yi maka ka tsira. Gara mu bar ta ga allurar ciwon hanta nau'in B da ta HPV mai kare mata daga kansar bakin mahaifa, su ne suka cancance ta. "Maƙari" sai dafi ya shiga ake nemansa. "Garkuwa" kuma garkuwar jiki ta riga ta ɗauke.

7/ Inda hankalina ya kwanta shi ne "kandagarki". Abu ne da ake yi tun da sauran lafiya, don tare abin da ake tsoro, ba tare da alkawarin cewa ba zai zo ba. Sai mu ce "kandagarkin daji". Ga yadda na sa ta a rubutun shirin: "Tafarnuwa na iya shiga cikin kandagarkin daji, amma wanda ciwon ya kama asibiti zai je. Uwargida, in kin daka ta, ki bar ta minti 10 kafin ki zuba a tukunya, domin zafin wuta na kashe aliyines tun bai gama aikinsa ba. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya tambayi likita kafin ya yawaita ta."

8/ Malamaina na Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, a wajenku ma haka ake fahimtar kandagarki? Ranar Alhamis za mu naɗi shirin, ina so in ji daga gare ku kafin nan.