Ya ake gane walda ta kama?

Ɗan koyo, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum iyayen gidana. Ya zan tabbatar waldata ta kama kafin fenti?

Malam Sani: Wa'alaikumus salam. Bari ta huce da kanta, kada ka zuba ruwa. Kwankwashe ɓawon da ya rufe saman waldar da guduma, ka goge da burushin ƙarfe. In ka ga ƙananan ramuka, tsatsa ce, ko mai, ko rodin waldarka ya sha danshi. 

Usman Daura: Don gwaji, haɗa guntayen ƙarfe biyu da walda, ɗaure a bais (abin matse ƙarfe), ka lanƙwasa. In waldar ta tsage a tsakiya, wuta ba ta ratsa ba.

Malam Sani: In tanki ne, shafa alli a waje, kananzir a ciki. Inda allin ya jiƙe, nan yake yoyo.