Rigar da ruwa ba ya ratsawa: wane suna za mu ba ta?

Mai tambaya: Salamu alaikum ƴan Damagaram. Ina rubuta ƴar takardar bayani da Hausa a kan rigar nan ta masu tuƙa kwale-kwale da Faransawa ke kira combinaison étanche. Haɗe take daga wuya har ƙafa, da roba mai kama fata a wuya da wuyan hannu, da zif wanda ruwa ba ya bi. Masuntan tafkin Gidimuni ne a raina, musamman da hunturu. "Rigar ruwa" ta yi?

Wani tela a Kasuwar Dole: Ƙanena, ba ta yi ba. Rigar ruwa tana da mai ita, wato ledar da ɗan kabu-kabu ke yafawa da damina. Kana ce wa mutum rigar ruwa, zai dirje ta da Omo da buroshi, ya baza ta kan katanga rana ta gasa ta. Nan take ya kashe kuɗinsa. Yadin irin su Gore-Tex, wanda asalinsa Bob Gore ya gano a Amurka a 1969, yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai: tururin gumi ya fita, ɗigon ruwa ya kasa shiga. Ragowar garin sabulu da dauɗa su ke hana shi wannan numfashi, jabel kuwa, ruwan nan mai faranta tufafi, cinye shi take yi. Ruwa mai tsabta da sabulun ruwa mara ƙarfi sun isa, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa.

Wata malamar makaranta daga Birni: To a ce "hana-jiƙa" mana, Alhaji.

Tela: Malama, tamfol ma hana-jiƙa ne, haka laima.

Malama: Da gaskiyarka. To "gagara-ruwa". Hausa ta riga ta san wannan gini, ga gagara-badau, ga gagara-gasa. Kunne na jinsa zai san abu ne mai daraja da ba a jefawa bayan ƙyaure.

Wani dattijo, tsohon masunci: Ƴata, sunanki ya zauna. Sai dai ku rubuta cewa ta gagari ruwa amma ba ta gagari zafin garin nan ba. Robar wuyan nan ita ke fara mutuwa. Ɗakin kwano a watan Afrilu, ko rana, ko man shafawa da basilin da ke jikin mutum, sai ka ga ta yi danƙo tana manne wa yatsa, ko ta tsattsage. Ɗakin ƙasa mai sanyi ya fi mata. A rataye ta a kan abu mai faɗi, kada ƙusa ta huda kafaɗa, a lulluɓe da tsohon zane saboda ƙura. Wanda ya cusa ta buhu da danshi, fumfuna zai tarar, in ɓera bai riga shi ba.

Tela: Zif ɗin kuma, Baba, in na ƙarfe ne: a kakkaɓe rairayi da tsohon buroshin haƙori, a goga kakin zuma ko buji, wato kyandir. Ban da man keke. Kada a lanƙwasa shi wurin ajiya, in haƙori ɗaya ya karye ruwa ya samu hanya.

Mai tambaya: Na gode, iyayena. Na rubuta "gagara-ruwa", jam'i "rigunan gagara-ruwa". Saura ɗayar, mai matse jiki ta robar neoprene, wadda ruwa ke shiga kaɗan jiki ya ɗumama shi. Ita wannan suna bai hau ta ba. Malama, kina da wani?