An tsallake ni a muƙamin babbar sakatariya, in rubuta koke ko in yi shiru?

Hajiya Darakta: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku ba ni shawara, barci ya gagare ni. Na yi jarrabawar zama babbar sakatariya, aka kira ni ganawa. Wani a kwamitin ya tambaye ni ko maigida ya amince, kuma wa zai kula da yara in taro ya kai dare. Alhali yarana sun girma, autar ma tana jami'a, kuma ko lokacin jinyar mahaifiyata ban taɓa barin fayil ya kwana a teburina ba. Da sunaye suka fito duk maza ne, har da wanda ni na koya masa aiki.

Baban Khalifa: Hajiya, yau ɗin nan ki rubuta koke. Haƙuri bai taɓa ba mace kujera ba, doka ce ke bayarwa. Ruwanda ta sa kashi 30 na mata a tsarin mulkinta a 2003, yanzu sun haura kashi 60 a majalisa. Senegal ta yi dokar raba takara daidai a 2010.

Maman Iman: Hmm, ni da na nemi takara, ƙarfe biyun dare suka zauna suka ce "maslaha", wai in janye wa yayana. Har yau ba a mayar min da kuɗin fom ba.

Malam Idi: Hajiya, maki nawa kika ci? Ba ki faɗa ba. Kuma koke zai sa a yi miki tambarin mai rigima. Rabo ne, ki jira zagaye na gaba.

Baban Khalifa: Wane rabo, Malam? Da Amina Mohammed ta zauna jiran rabo, da ba ta zama mataimakiyar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017 ba.

Anti Rabi: Ƙanwata, ki nemi wani babba ya yi miki magana. Kowa da ubangidansa.

Hajiya Darakta: Anti, ban taɓa bin ƙofar kowa ba, ba yanzu zan fara ba. Malam, ba maganar maki ake ba. Koken ma ina tsoro, shugaban kwamitin shi ke sa hannu a takardun ritayata.

Baban Khalifa: To me kika zo nema kenan?

Maman Iman: Kuɗin fom ɗin fa, akwai wanda ya san hanyar karɓowa?