Wai ya za mu ce "vigil" na daren Ista da Hausa ne?

Jama'a ku taimaka min, an ba ni aikin fassara sanarwar makon Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, komai na tafiya daidai har na zo kan kalmar vigil sai na tsaya cak. Mu dai a baki "bijil" muke cewa kowa ya gane, amma a rubuce sai ya zama wani bambaraƙwai, kuma iyayenmu da ba su yi boko ba sautin kawai suka haddace.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, ibada ce ta daren Asabar wayewar Lahadin Ista, ƙa'idarta sai duhu ya shiga ake farawa kuma a gama kafin gari ya waye. A Katolika ana kashe fitilun coci, a hura wuta a waje, Fada, wato limamin cocin, ya sa mata albarka ya kunna ƙaton kyandir mai zanen gicciye da lambobin shekarar, a shiga da shi cikin duhu, sai kowa ya miƙa ɗan kyandirinsa ya ɗauki wuta wajen na kusa da shi, kakin na ɗiga maka a yatsa kana daurewa, kafin ka ankara coci ya haskaka gaba ɗaya. Sai karatu har 9 in an yi cikakke, 7 daga Tsohon Alkawari, sai baftisma, sannan Jibin Ubangiji, wato karɓar gurasa da ruwan inabi na ibada. Toh wannan duka nake nema wa suna.

Na ga amsoshinku, na gode ƙwarai. Yayana da ya ce jajiberin Ista, kalma ce mai daɗi amma jajibere yini ne guda, har da cefane da wanki, bai ce dare ba balle hana ido barci. Abin dariya ma an taɓa yin hakan, shekaru aru-aru da safiyar Asabar ake yin wannan ibadar, ana kunna kyandir rana tsaka-tsaka, sai a 1951 Paparoma Pius na 12 ya ba da izinin mayar da ita dare, a 1955 aka tabbatar. Kar mu sake maido ta safe da bakinmu.

Mama da ta kawo kwanan zaune, gaskiya ya fi kusa, sai dai ni in na ji shi jinya nake tunawa ko gidan makoki ko wanda damuwa ta hana barci, alhali a daren nan ne ake kaɗa ƙararrawa a dawo da Halleluya da aka ajiye tun farkon azuminmu na kafin Ista.

Daren tsaro kuma yana da hujja, ayar Fitowa 12:42 a Littafi Mai Tsarki ta yi maganar tsaro a daren da Isra'ilawa suka fita Masar, kuma asalin kalmar a Latin zama a farke ne kamar mai gadi. Amma a yau ka rubuta haka a sanarwa wasu da tocila da gora za su zo, sun ɗauka sintiri ne.

Ni dai zuciyata ta kwanta da raya dare. Na san wani zai ce ai wannan maganar Musulmi ce, su ke raya dararen goman ƙarshe na Ramadan. Eh haka ne, to addu'a da azumi da sujada fa, ba tare muke amfani da su ba? Bahaushe na jin raya dare ya san ba a yi barci ba kuma ibada aka yi, ba sai an yi masa bayani ba. Ga shi kuma raya daga rai take, daren da ake jiran wanda ya mutu ya tashi, ina za a samu wadda ta fi ta dacewa?

Na riga na rubuta: "Raya daren Ista, Asabar ƙarfe 8 na dare, kowa ya zo da kyandirinsa." Gobe zan kai wa katikis, malamin cocinmu, ya duba, mai gyara ya yi magana kafin a buga.