Jan wake ya kayar min da yara, wai lektin ne?

Uwar gida daga Tawa: Salamu alaikum. Ƙanena ya aiko min jan wake irin na Turawa daga Yamai. Gawayi ya ƙare, wake bai nuna ba, na sauke haka nan. Ba a yi awa uku ba yara suka kama amai da zawo. Maƙwabciyata ta ce lektin ne, wai yana ruguza garkuwar jiki. In daina ba su wake?

Ɗalibin likita, Yamai: Sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Lektin furotin ne mai manne wa sukarin da ke bayan ƙwayoyin jiki. Na jan wake, PHA, yana dunƙule jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma fusata bangon hanji, shi ya kawo aman. Maganar ruguzawa kam ta yi yawa. A 1960 wani masanin bincike, Peter Nowell, ya gano PHA na sa fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, su riƙa rabuwa suna ninkuwa, har yau da shi ake tayar da su a ɗakin gwaji. Tafasa mai ƙarfi ke lalata shi. Ki jiƙa waken ya kwana, ki zubar da ruwan, ya tafasa fafa-fafa aƙalla minti 10, sannan ya nuna liƙis. Ƙaramar wuta ba ta isa.

Tsohon malamin gona: Ɗana ya faɗi daidai. Waken gida da muke cecena da shi bai kai jan nan ƙarfi ba. Wanda nake tsoro shi ne ɗiyan zurma, gubarsu ma dangin lektin ce. Ki hana yara taunawa.

Uwar gida daga Tawa: Na gode Baba. Akwai zurma bayan dangarmu, gobe za a sare ta.